Tsingaro Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Tampol na koma in rufa, ba wani abu ba. La'asar ta yi sakaliya, hadari ya fara haɗowa ta gabas, ni kuwa na bar ramin da nake tono a buɗe, ga tsingaron tukunya da na wanke na shanya a kan tabarma. Na bi siririyar hanyar da ta ratsa gonakin dawa, ganye yana marin fuskata, takalmina yana nutsewa cikin yashi mai danshi. Ina shan kwanar ƙarshe sai ga Baba Buwai, dattijon da filin yake hannunsa, yana fitowa daga wurin aikina da hannu ɗaya a aljihu.

"Sannu Baba. Daga ina haka?"

"Akuya nake nema, Malam."

Na ce Allah ya sa a gani. Amma ni ba yaro ba ne. Dawa ba ta shiga rumbu ba, duk akuyar da ke ƙauyen nan a ɗaure take a turke, kuma mai neman akuya ba ya kawar da kai in an haɗa ido da shi. Ya raɓa ya wuce ni, bai cire hannun nan daga aljihu ba har dawa ta haɗiye shi.

Sunana Abdulkabir. A lokacin shekarata ta shida ke nan ina fama da digirin digirgir a fannin nazarin al'adun mutane da tono kayan tarihi, kuma jami'a ta riga ta ba ni takarda cewa in ban miƙa kundina a wannan zangon ba, in tattara nawa in tafi. Gara in faɗi halina tun yanzu: ban yarda da kowa ba. Ba haka aka haife ni ba. Wani abokin karatuna, Ikrima, shi ya mai da ni haka, ranar da na buɗe wata mujalla na ga binciken da na yi shekara biyu ina wahala a kansa, da sunansa shi kaɗai a sama. Tun daga nan ko gaisuwa mutum ya tsawaita min, sai in fara tunanin me yake so ya ɗauka.

Ƙauyen yana can bayan Tsanyawa. A wannan yanki babu ƙasar da ke hutawa. Gona tana manne da gona, har bakin hanya sai ka ga an cusa wake ko gyaɗa. Amma a tsakiyar gonakin akwai wani fili da bai kai rabin filin ƙwallo ba, wanda fartanya ba ta taɓa shi. Kufai ne, tsohon mazaunin kakannin Buwai, tun suna bin addinin gargajiya. Shi yanzu dattijon coci ne, ba ya son a tuna masa da waɗancan abubuwa. Sai da mai unguwa ya sa baki sau uku kafin ya yarda in haƙa.

Na haƙa har ƙirjina. A nan na tarar da daɓen wani ɗaki, da gurbin ƙofarsa a bangon ramin ta gabas, inda na tsaya ban ci gaba da tono ba. Na tarar da duwatsun murhu uku, an jefa kowanne kusurwarsa daban. A tsakiya kuma wata babbar tukunya a tarwatse, gutsure hamsin da takwas. Na wanke su ɗaya bayan ɗaya, na rubuta wa kowanne lamba da baƙar tawada, kamar yadda aikinmu ya tanada.

Mai lamba arba'in da ɗaya shi ne ran aikina. Faɗinsa kamar tafin hannu, daga kafaɗar tukunyar ya fito, kuma a tsakiyarsa akwai shatin duka, zagaye, irin na kan taɓarya. Duk wanda ya yi rubutu a kan kufan yankin cewa yake yi yaƙi ya kori mutanen. Ni na ce a'a. Wanda yaƙi ya kora ba ya tsayawa ya raba duwatsun murhu ya fasa tukunya da taɓarya. Mutanen nan da gangan suka rufe gidansu. In na haɗa tukunyar, tsagar kowane gutsure ta nuna daga wannan dukan ta taso, na gama. Ba ni da wata hujja bayan wannan.

Na isa ramin a wannan yammacin, na durƙusa a gaban tabarma ina ƙirgawa, iska tana ɗaga bakin tampol. Arba'in. Arba'in da biyu. Na sake ƙirgawa har ruwa ya fara ɗiga a ƙeyata.

Da sassafe na same shi a ƙofar gidansa yana wasa lauje. Ban ma zauna ba.

"Baba, abu ɗaya ya ɓata a kayana jiya, kuma kai kaɗai na gani a wurin."

Ya ci gaba da goga laujen a dutse. "Zauna ka sha kunu, Malam."

"Ba kunu ya kawo ni ba."

"To. Haɗa tukunyar za ka yi?"

"Aikina ke nan."

"Waɗanda suka fasa ta ba mahaukata ba ne." Ya gwada kaifin da babban yatsa. "Kakata tana yarinya aka yi. Gari ya waye, aka kashe wuta, maza suka ɗauki duwatsun, babbar mace ta ɗauki taɓarya. Suka fito ba wanda ya waiwaya."

Raina ya yi fari duk da fushin da nake ciki, don abin da nake nema ke nan wata uku bai gaya min ba. Na zaro littafina. "Me ya sa suka fasa ta?"

"Don kada a ƙara dafawa a ciki."

"Wa ake dafa wa?"

Ya dubi littafin, ya dubi alƙalamin. Can ya rage murya ya ce, "Baƙuwa suke ce mata. Ba a kiran wani sunan. Ita ake fara zuba wa da magariba, gona kuma ta yi albarka. Wanda ya ɗora tukunyar shi ne mai zuba mata. Ita ke ci, mai zubawa ke ramewa. Mata huɗu ta ƙarar a gidan nan kafin su gane." Ya miƙe. "Ni na bar waɗannan abubuwa, Malam, Allah shaida. Amma su ban ce sun bar mu ba."

Na rubuta duka, kalma da kalma, a ƙarƙashi kuma na ja layi na sa: labarin tsoratarwa, a bincika wa ya koya masa. Don a makon da ya wuce wani ɗan acaɓa ya gaya min ya ga wani mai tabarau daga Kano yana tambayar hanyar kufan. Ikrima yana sa tabarau. Rabin malaman Kano suna sa tabarau, na sani, amma a lokacin ban ga rabin ba, shi kaɗai na gani. Na yanke a raina cewa sun haɗa baki: tsoho ya ɗauke min gutsuren, ya cika min kunne da aljanu, in gudu, Ikrima ya zo ya ƙarasa.

Kwana goma sha tara na yi a ɗakin da na kama a ƙauyen, ƙofa a kulle, ina haɗa tukunyar. Wanda bai taɓa wannan aiki ba ba zai gane daɗinsa ba. Ka juya gutsure sau ɗari bai shiga ba, sai can ka ji ya zauna daram, kamar dama jiranka yake. Ka shafa gam, ka riƙe, ka kafa shi a kwanon yashi ya bushe. A hankali ciki ya tashi, wuya ya fito, baki ya zagaye. Baƙa ce wuluk a gindi saboda tsufan hayaƙi. A kafaɗarta kuwa ga rami buɗe, faɗin tafin hannu.

Na aika wa mai duba aikina, Farfesa Abdulmumini, hotonta. Ya kira ni.

"Ta yi kyau, Abdulkabir. Ina shatin dukan da kake ta ba ni labari?"

"Yana nan tafe, ranka ya daɗe."

"Kwamiti ba ya karɓar yana nan tafe. In babu shi, tukunya ce kawai da ta faɗi ta fashe. Kana da mako biyu."

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi. A watannin da na yi ina hira da mutanen gidan Buwai, su da bakinsu suka gaya min inda iyalinsu ke ajiye abin da ba a so ido ya gani: a ƙarƙashin rumbun gero, tsakanin duwatsun da ya hau kai. Na ma rubuta shafi biyu a kan haka a babi na uku. Ranar kasuwar Tsanyawa, da na ga gidan ya watse, na shiga kamar mai neman ruwan sha. Na kwanta rub da ciki na zura hannu. Kaza ta tashi da kuka. Yatsuna suka taɓa tsumma, a cikin tsumman ga shi, da lambata a jiki da rubutun hannuna.

Na ji daɗi irin na wanda zarginsa ya tabbata, daɗi mai ɗaci. Ɓarawo ne ashe, na ce a raina. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa bai kai wa Ikrima ba duk kwanakin nan.

A ranar na ƙudura in gama komai kafin a dawo daga kasuwa. Hoto ɗaya nake so: tukunya cikakkiya, a kan murhunta, a tsakiyar ɗakinta, yadda take kafin a fasa ta. Hasken da ya fi fito da zane a jikin yumɓu shi ne na dab da faɗuwar rana, mai zuwa a kwance. Na naɗe ta a bargo na rungume ta har kufan.

Na sauka ramin da ɗan tsanina. Na kwaso duwatsun uku daga kusurwoyinsu. Gurbinsu na da yana nan a daɓen, baƙi-baƙi, kowanne ya koma mazauninsa ba gardama. Na ɗora tukunyar. Na shafa gam a gefen arba'in da ɗaya, na kai shi bakin ramin kafaɗar.

Ban tura shi ba. Shi ya shige.

Na ja da baya na ɗauki hoto, na canza wuri na ƙara. Daga ƙauye aka fara kiran sallar magariba, na ce bari in ƙara biyu in tafi. Ladan yana tsakiyar kira muryarsa ta yi nisa, ta yi nisa, kamar ana tafiya da masallacin. Gyare da suka fara kuka a cikin dawa suka yi tsit gaba ɗaya.

Sai na ji ƙaurin hayaƙin kara.

Na ɗaga kai. Babu hayaƙi a sama, babu wanda ke ƙona komai, kara ma duk ɗanye ne a gona. Bayan hayaƙin sai ƙamshin daddawa, mai ƙarfi, irin wadda aka jefa a ruwan zafi yanzun nan.

Wani sauti ya taso a hankali. Ɓul. Ɓul-ɓul.

Na yi dariya, wallahi na yi dariya. Na ce lallai mutanen nan sun shirya. Na san 'yan ƙananan lasifikan da ake haɗawa da waya, ana sayar da su a kowace tasha. Na bi bangon ramin ina lalube, na ɗaga tabarma, na zazzage jakata. Na ɗaga murya na ce, "Ikrima, na gane. Fito mu gaisa."

Dawa ba ta motsa ba.

Sautin daga tukunyar yake fitowa. Na leƙa. Babu komai a ciki sai layukan gam, amma tururi ya bugi fuskata har tabarauna ya yi hazo. Na taɓa gefenta da bayan hannu, na janye da sauri. Fatar ta tashi.

"Sannu da aiki."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, a dishe. Na duba bakin ramin a sama, ina jiran in ga wata tsohuwa da aka turo. Babu kowa.

"An daɗe."

Ba daga sama take ba. Daga gabas take, daga bangon ramin, daidai inda na zana gurbin ƙofa a taswirata. Ƙasa ce a wurin, ja, a cure, ba a taɓa tona ta ba, da saiwoyi a jikinta.

Ta cikin nan ta fito.

Ta sunkuyar da kai, kamar yadda ake yi in za a shiga ɗaki mai gajeriyar ƙofa. Ko ƙwayar yashi ɗaya ba ta faɗo ba. Doguwa ce, da baƙin zane a ɗaure a ƙirji, hannayenta sirara har gwiwa. Fuskar ban iya riƙe ta ba. Ina kallo tana zamewa daga idona. A hannunta akwai akushi, tsohon kwanon itace, bakinsa ya cinye.

A nan zargina ya ƙare. Na nemi wanda zan ɗora wa wannan, ban samu ba.

Ta zauna a gaban murhun ta tanƙwashe ƙafa. Ta miƙo akushin.

Na so in yi a'uziyya, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Na so in juya ga tsani. Ƙafafuna suka durƙusa da kansu. Hannuna na dama ya ɗauki cokalin ginin da nake kankare ƙasa da shi, ya zura cikin tukunyar, ya juya sau biyu, ya ɗebo. Ban ga komai a kan cokalin ba, amma na ji nauyinsa. Na ji saukarsa a akushi.

Ta ci. Ina jin ƙarar haɗiyarta.

Wani abu ya zare daga cikina, daga ƙasan haƙarƙari, kamar ana jan zare.

"Ƙara."

Na ƙara. Agogona ya sulluɓo daga wuyan hannu ya tsaya a kan yatsu.

"Ƙara."

Wandona ya saki. Gwiwoyina suna jin tsakuwar daɓen har ƙashi. Haske ya koma ja, ya koma toka.

Daga can sama, nesa ƙwarai, na ji ana karya dawa da gudu, ana haki.

"Malam." Muryar Buwai ce, yana raɗa da ƙarfi. "Kada ka dube ta. Fasa tukunyar."

Hannuna ya sake shiga tukunyar.

"Ni ba zan iya ba, ba ni na ɗora ba. Hannun hagunka naka ne har yanzu. Fasa ta, ɗan nan."

Na motsa yatsun hagu. Sun motsa. Kusa da gwiwata akwai ɗan dutsen niƙa da na tono tun farkon aiki, na kama shi.

Kuma na tsaya. Ina jin raina yana fita cokali-cokali, amma na tsaya. Shekara shida. Mahaifiyata da ke gaya wa maƙwabta ɗanta ya kusa zama Dakta. Ga ta nan a gabana cikakkiya, tsagoginta duk sun nufi wuri ɗaya, yadda na faɗa tun farko. Har wata murya ta ce min a raina: abin da tsohon yake so ke nan dama.

"Ƙara," in ji ta. Ta matso da akushin har ya taɓa ƙirjina. Sanyinsa ya ratsa riga.

Na ɗaga dutsen na sauke shi a kafaɗar tukunyar.

Ƙarar ba ta da yawa. Zafi ya ɗauke, ƙamshi ya ɗauke, hannuna na dama ya faɗi kamar tsumma. Ta dubi gutsattsarin da suka watse a daɓe, ta daɗe tana kallo. Ta kife akushinta, ta miƙe.

"Zan jira," ta ce.

Ta sunkuyar da kai ta shige ƙasa.

Buwai ne ya jawo ni sama ta wuyan riga, shi da ya haura saba'in, da hannu ɗaya. Ya ce ban fi ɗaurin kara nauyi ba. Gyare suka dawo da kuka. Ya goya ni har gidansa, bai ce min ɓarawo ba, bai ce ai na gaya maka ba. Ni ma ban iya ba shi haƙuri ba sai bayan kwana uku, da na fara riƙe kofi da kaina.

Hotunan duk fari suka fito, kamar an ɗauke su a cikin hayaƙi.

Buwai ya roƙe ni in bar gutsattsarin a ramin a mai da ƙasa. Na ba shi arba'in da ɗaya, wanda ya rabe biyu amma bai ruguje ba, na ce ya kai inda ni ma ba zan sani ba. Sauran na kwashe. Na gaya masa doka ce, duk abin da aka tono sai an kai ma'ajiyar sashe, kuma gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar: ban iya barin su ba. Na rarraba su a leda goma sha biyu, na cakuɗa da tsingaron wasu ramuka, na rubuta lambobin ƙarya. Na ce ba mai gane su.

Na manta da Malama Mairo, mai kula da ɗakin gyaran kayan tarihi, wadda ta shekara ashirin tana wannan aiki. Wata biyu bayan nan ta tare ni a baranda, fuskarta cike da murna.

"Abdulkabir, na ga an hargitsa maka ledoji. Kada ka damu, na tsince su duka. Na haɗa maka tukunyarka."

Kwamiti ya zauna a kaina a wannan makon. Lambobin ƙarya a rubutun hannuna, hotuna babu komai, gutsuren da duk kundin ya dogara a kansa babu shi. Farfesa Abdulmumini ya cire tabarau ya dube ni yadda na saba duban mutane.

"Ko dai shatin dukan nan bai taɓa wanzuwa ba, ko kuma ka ɓoye shi. Ka kawo shi ranar Litinin, mu manta da sauran. Wannan ne iyakar abin da zan iya yi maka."

Na san in na je na durƙusa wa Buwai, na yi kuka, wataƙila ya ba ni. Amma ban ce zan kawo shi ba.

Malama Mairo ta so ta taimake ni. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ko ba a samu ba ai ba a bar ta haka ba. Gobe zan cike gurbin da filasta, yadda muka saba. Har na samo duwatsu uku da za mu ɗora ta a kai a ɗakin nuni."

Ban sani ba ko filasta za ta wadatar da Baƙuwa. Na dubi hannayen Malama Mairo, masu ƙiba, da lalle a yatsu, hannayen da za su ɗora ta. Na nemi izini kamar zan zaga. Na shiga ɗakin gyara, na tarar da tukunyar a kan tebur a cikin kwanon yashi, na ɗauki gudumar da ke rataye a bango. Suna shigowa ina kan yi. Ban tsaya ba sai da na ga babu gutsuren da ya fi ƙwayar gyaɗa.

Takardar korata layi huɗu ce. Yanzu ina koyar da tarihi a wata sakandare a Gezawa, yara suna ce min Dakta in na juya baya, suna dariya. Ƙibar da na rasa a ramin nan ba ta dawo ba, duk abin da zan ci.

Na roƙi a zubar da ɓarɓashin. Suka ce kayan tarihi ne, ba a zubarwa. An share shi tsaf, an zuba a leda, an rubuta masa lamba, yana kan kanta ta uku daga ƙofa. Kowace shekara sashen yana ɗaukar sababbin ɗalibai, kuma mu a fanninmu masu haƙuri ake zaɓa.